Tsintsiyar da Ta Fita a Wanki

Ƙwararre ya ce tunda yake a duniya bai taɓa gasa riga tawadarta ta fashe ba, ko a nan ko a ƙasashe ukun da ya yi kwas. Ya faɗi haka ne ranar da ya fara zuwa shagonmu, yana tsaye tsakanin teburin bugu da tanda, cikin fararen kaya. Fararen kaya, a shagon buga riguna. Na dubi Dogo, abokin aikina. Dogo ya dubi silin.

Shagon na Kawu ne, wan mahaifiyata. Shi kuma Ƙwararre ƙanin matar Kawu ne, wato Anti. Daga baya a bakin Antin da kanta na ji cewa kwas ɗin na kwana tara ne, kuma a ƙasa ɗaya aka yi shi. Sauran ƙasashen biyu jirgi ne ya tsaya shan mai. Amma dai ya dawo da satifiket mai ruwan zinare a gefe, ya sa Dogo ya cire kalandar da muke rubuta ranar ba da aiki, aka rataye satifiket a wurin. Daga ranar ba wanda ya ƙara sanin yaushe za a zo karɓar me, amma duk wanda ya shigo ya san muna da mai ilimi.

Aikinmu ba wani abin ɓoye ba ne. Ka shimfiɗa riga a kan katako, ka sauke firam mai raga, ka zuba tawada, ka ja ta da roba, zane ya fito. Wannan ko waye zai koya a sati biyu. Inda ake sanin wanda ya iya shi ne tanda. Irin tawadarmu ba ta bushewa da iska, ko shekara za ka yi kana shanya ta. Sai ta ji wuta digiri ɗari da sittin, kuma ba fatar sama kawai ba, har can ƙasa inda ta kama zare. In ba ta samu haka ba, a ido lafiya lau, ka taɓa ka ji ta bushe. Sai an wanke sau biyu sau uku ta fara tsagewa tana zubowa kamar fentin tsohon bango.

Tandar doguwar akwatin ƙarfe ce, an jingina ta da bango saboda shagon ba fili. Bel yana ɗaukar riga ta wannan baki ya fito da ita ta wancan. A ciki akwai sandunan wuta uku a jere: ɗaya ta ɓangaren bango, ɗaya a tsakiya, ɗaya ta ɓangaren da mutane ke tsayawa. An rufe su da farantin ƙarfe, ko ka leƙa ba ka ganinsu.

Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Ninke riguna na zo yi bayan na gama sakandare. Na dinga karanta rubutun jikin robobin tawada, kalmar da ta fi ƙarfina in tambayi waya. Na kalli bidiyon mutanen da ko gaisuwarsu ba na ji, hannunsu kawai nake kallo. Na ƙona riguna bakwai, duk nawa. A ƙarshe na kafa wa kaina doka biyu. Rigar farko ta kowane aiki, bayan shago nake kai ta, in sa mata sabulu da buroshi a bokiti in murje ta kamar ta yi min laifi. Sannan duk riga ashirin in zari ɗaya in ja zanen da hannu biyu. In ya miƙe ya koma, ya gasu. In ya tsage, a tsaya. Shekara uku ina kan teburin bugu, ba a taɓa dawo mana da riga ba.

Kwana biyu da zuwansa Ƙwararre ya same ni a kan bokiti.

"Wannan fa?"

"Gwaji ne, Yallaɓai."

"Gwaji." Ya maimaita kamar na ce masa ina kiwon kada. Ya ɗaga murya ya kira Kawu. "Yaya, don Allah zo ka gani. Masana'anta ce wannan ko gidan wanki da guga?"

Kawu ya fito daga ɗan ofishinsa yana murmushin da yake yi in ba ya son magana. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka Uwata yake ce min.

"Uwata, ai yanzu an ci gaba. Ki bar masa ya nuna mana na zamani."

Na zamanin wata 'yar na'ura ce mai kama da bindigar wasan yara. Ka danna, jan ɗigo ya sauka a kan riga, lamba ta fito a bayanta. Na san ta, na sha ganinta a bidiyo, kuma abu ne mai kyau a hannun mai hankali. Ƙwararre ya sa aka kawo masa kujera mai hannu aka ajiye a bakin fitar tanda, daidai inda fanka ke bugawa. Riga na fitowa sai ya harbe ta daga zaune, a wurin da ya fi kusa da shi.

"Ɗari da sittin da biyu," in ji shi. "Kimiyya kenan, 'Yar Waya."

Sunan da ya sa min kenan. Ya hana bokiti. Ya hana jan riga, wai ina buɗe wa kwastoma kaya. Da rana yana fita cin abinci na awa biyu, bindigar tana aljihunsa, don kada hannun jahili ya ɓata mata saiti.

A cikin haka aikin Madam ya shigo. Madam kamfanin shara take da shi, masu share ofisoshi da asibitoci. Riga ɗari biyu, kore, da farin zane a ƙirji: tsintsiya a gefe guda, bokiti a ɗaya gefen. Ni na buga, Dogo ya ɗora a bel, Ƙwararre ya harba. Kwana goma sha biyu sai ga Madam da buhu, ta zazzage mana shi a tsakiyar shago.

"Kamfanin shara gare ni," ta ce. "Ma'aikatana suna yawo a gari da bokiti babu tsintsiya. Jiya wani ya tambayi ɗaya daga cikinsu ko ruwa suke sayarwa."

Gaskiyarta. Bokitin yana nan fes, tsintsiyar kuwa sai ɗan alama, kamar an share ta da 'yar uwarta.

Ƙwararre ya ɗauki riga ɗaya da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama, ya matso da ita hanci, ya yi shiru na tsawon lokacin da ya ga ya dace da mai satifiket.

"Hannu ne," ya ce. "Matsalar hannu. Ja da roba aikin ƙarfi ne. Hannun mace ba ya danna gefe da gefe daidai, sai tawada ta taru ta yi kauri a ɓangare ɗaya. Mun yi wannan a kwas, rana ta uku."

Na dubi hannuna. Na dubi nasa. Damtsena ya fi nasa, wallahi, kuma ba alfahari ba ne, har awon ɗinki sai tela ya yi magana. Wannan hannun ya buga rigunan makarantu tara da na 'yan ƙwallo da ban san adadinsu ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga firam ba, wanda in tawada ta ɗiga kusa da takalminsa sai ya yi tsalle kamar ya ga kunama, shi ne yake karanta min hannu a gaban baƙuwa.

"Yallaɓai, ba hannu ba ne."

"Ana magana da manya."

Kawu ya ba Madam haƙuri, ya ce za a sake mata duka, ta zo ran Asabar. Da ta tafi ya kira ni ofis ya tura ƙofa.

"Uwata, ki ɗan koma ninki. Dogo zai buga wannan." Ya yi ta jujjuya biro. "In an gama aikin Madam kuma, ki ɗan huta a gida. Kin gaji. Zan yi wa mamanki bayani."

Na san irin wannan hutun. Ba a dawowa daga shi. Anti tana da wani ɗan ƙanwa da ya daɗe yana zaman jiran a samo masa abin yi, kuma Ƙwararre ya riga ya ce a sati ɗaya zai mayar da shi gwani. Daga Litinin zuwa Asabar, kwana shida kenan suka rage min a shagon da na san ƙarar kowane abu a cikinsa.

Na koma lungun ninki. Aikin farko da aka ba ni shi ne in ninke rigunan da aka dawo da su, wai za a ajiye don goge-goge. Na ninke, ina huci. Wajen ta hamsin hucin ya ɗan lafa na fara kallo. Wajen ta ɗari na daina ninki.

Duka tsintsiya ce. Ba ko ɗaya da bokiti ya taɓu. Ni mutum ce, ba inji ba. In hannuna ne, ai wata zai danna, wata ya yi sake, da safe daban, da yamma daban. Kuskuren da ya zo iri ɗaya sau ɗari, a wuri ɗaya, ba na ɗan Adam ba ne. Na ɗaga kai na kalli Dogo yana ɗora riga a bel. Wuya a gaba, kamar kullum. Shekara biyar yana ɗorawa wuya a gaba. In ka ɗora haka, tsintsiya ta ɓangaren bango take bi.

Da Ƙwararre ya fita cin abinci na je na tsaya a kan Dogo.

"Buga min riga biyu."

"Ke, 'ya'yana huɗu."

"Ban ce ka ba ni ɗaya ba. Riga biyu na ce."

Ya leƙa titi, ya buga su da sauri a kan wasu tsofaffin riguna. Ta farko na ɗora ta yadda aka saba. Ta biyu na juya ta, gindi a gaba, bokiti ya koma ɓangaren bango. Suka fito. Na bari suka huce, na ja ta farko, tsintsiya ta tsage. Na ja ta biyu. Tsintsiya ta miƙe ta koma kamar roba, bokiti ya dare gida huɗu.

Dogo ya ce, "Innalillahi."

Na je bayan shago na zaro bokitina daga inda aka kife shi, na wanke su duka biyun. Abin da ja ya faɗa shi wanki ya faɗa. Sandar wutar da ke ɓangaren bango ta mutu, ko tana kan hanya. Zafin 'yan uwanta ne yake ɗan busar da saman tawadar, shi ya sa ido ba ya gani. Da bokitina yana aiki, da a rigar farko za mu kama.

Na shiga ofis da riguna biyu suna ɗiga. Na yi wa Kawu bayani. Kawu ba wawa ba ne, shekararsa ashirin a harkar kaya. Na ga ya gane, don sai da ya ja rigar da kansa. Muna cikin haka Ƙwararre ya dawo yana sakace.

"Wa ya ba ki izinin taɓa tanda?"

"Yallaɓai, abu ɗaya nake roƙo. In riga ta fito, ka harbi tsintsiyar. Kullum bokiti kake harbi, don shi ne kusa da kujerarka."

Ya yi dariya ya dubi Kawu. "Ka ji ko? Wannan na'urar, yarinya, haɗa lissafin rigar gaba ɗaya take yi ta ba ka."

"Jan ɗigon bai kai ƙwayar wake ba."

"Abin da idonki ke gani kenan."

"To ara min ita minti ɗaya."

Ya dafe aljihu kamar na ce ya ara min ƙoda.

"Kawu, a kira mai gyaran wuta ya buɗe."

"Mai gyaran wuta!" Ƙwararre ya cire tsinken daga baki. "Ina tsaye a nan za a kira wani mai filaya a aljihu ya duba aikina? Yaya, in ba a buƙatata a faɗa min. Yanzu in kira Anti in ce ta turo a ɗauke ni."

Kawu ya dubi wayarsa da ke kan tebur. Ba ta yi ƙara ba, amma ya dube ta.

"Uwata," ya ce a hankali, "ya fi ki karatu."

Na ɗauki rigunana na fita. Abin da ya fi ci min rai ba korar ba ce. Na kawo musu amsa a hannu, tana ɗigar ruwa, an gani, an taɓa, sannan aka ce a'a saboda wanda ya kawo ta ba shi da takarda mai ruwan zinare. Da Ƙwararre ne ya juya rigar nan, da yanzu an sa wa juyin suna da Turanci.

Aka sake buga ɗari biyu. Sabuwar robar tawada aka fasa, don Ƙwararre ya ce bai yarda da duk abin da na taɓa ba. Dogo ya buga, Dogo ya ɗora, wuya a gaba, don da ya gwada juya ɗaya an daka masa tsawa. Ƙwararre ya harba ɗari biyu daga kujera. Ni na ninke. Ran Alhamis na ƙara leƙa ofis na ce, "Kawu, waɗannan ma za su dawo." Ya ce ya ji. Na koma na ci gaba da ninki, kusurwa da kusurwa. Ban taɓa ninki mai kyau irin na ranar ba.

Ran Asabar da hantsi Madam ta zo. An kashe tanda tun jiya, an share shago, kwalaye huɗu a jere. Ƙwararre ya sako wasu fararen kayan. Ni jakata tana ƙarƙashin teburin ninki, na riga na zuba kofina da silifas ɗina a ciki.

"Wannan karon ni na tsaya a kai da kaina," ya ce mata. "Riga ɗaya ba ta wuce ba sai da na auna ta."

"Wancan karon wa ya auna?" in ji Madam.

Ya shiga buɗe kwali. Ya miƙa mata ta sama. Ta ture hannunsa ta zura nata can ƙasa ta zaro wata.

"Kafin a fara ce min Madam, shekara goma na yi ina wanki a otal," ta ce. Ta ɗora ƙafa a kan benci, ta shimfiɗa ƙirjin rigar a gwiwa, ta ja.

Tsintsiya ta tsage, har ƙara sai da muka ji, 'yar siririya. Ta zaro ta biyu daga wani kwali. Ta uku.

"Tawada ce," in ji Ƙwararre. "Yarinyar nan ta dama ta da wani abu."

"Sabuwar roba ce," in ji Dogo. Duk muka juya, don Dogo ba ya magana in da baƙo. "Kai ka fasa ta. Ka ma ce in miƙo maka wuƙa."

"To wajen ninki ne. Ana iya karya zane wajen ninki."

Madam ta dube ni. "Ke ce mai hannun?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Waɗannan ke kika buga?"

"Ko firam ban taɓa ba."

"To me kika ce?"

Na faɗa mata a taƙaice. Sanda uku ne a ciki, ta bango ba ta aiki, tsintsiya ta nan take bi.

"Ƙarya ne!" Ƙwararre ya bugi murfin tandar da tafin hannu. "Yau da safe, kafin kowa ya zo, na buɗe injin nan da hannuna. Na cire murfi, na cire faranti, na bi sandunan ɗaya bayan ɗaya na gwada. Ukun suna aiki kamar sababbi. Haka nake yi duk sati. Ƙa'ida ce ta duniya."

Kawu ya ɗago kai.

"Madalla," in ji Madam. "Tunda ka saba, buɗe mu gani. Ina da minti goma."

"Ai ba kowa zai gane abin da ke ciki ba."

"Ba komai. Ni kallo kawai zan yi."

Ya ce a ba shi sukudireba. Dogo ya kawo da gudu, ban taɓa ganin Dogo yana gudu ba. Ƙwararre ya karɓa, ya tsaya a gaban tanda. Ya duba bakin shiga. Ya zagaya ya duba bakin fita. Ya shafa gefe, ya gwada ɗaga murfin da yatsa, murfi bai motsa ba. Ya sunkuya yana tattare riga don kada ta taɓa ƙasa.

"Ta sama ne," in ji Dogo.

Muka matso gaba ɗaya. A saman murfin akwai kawunan noti, 'yan ƙulu-ƙulu a jere, uku nan, uku can, shuɗin fenti ya bi ta kansu ya shafe su sumul, ko ramin da bakin sukudireba zai shiga ba a gani. Kawu ya sa babban yatsa ya shafa ɗaya. Ya shafa na kusa da shi.

"Fentin nan ni na sa aka yi," ya ce. "Ranar da aka kawo tandar. Shekara biyar kenan."

Fanka tana ta bugawa a kan kujerar Ƙwararre.

"Uwata," in ji Kawu, bai dubi kowa ba, "bar jakar nan inda take. Samo wuƙa ki kankare, ki buɗe mana."

Madam ta leƙa notin, ta leƙa bakin tandar inda riga ke shiga, wanda tsayinsa bai wuce tafin hannu ba, sannan ta dubi Ƙwararre tun daga hula har takalmi.

"Bawan Allah," ta ce, "da safen ta ina ka shiga?"

Noti shida ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in sa wuƙa. Ko ƙwarzane babu a jikin fentin.